A koya wa ɗalibanmu inda katsewa ke sauka a cikin aisi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi kira ga malaman lantarki na kwalejojin fasaha, musamman masu duba aikin ƙarshe na ɗalibai.

Gyaran inbata nake yi a Kaduna, kuma da zarar lokacin aikin ƙarshe ya zo sai yara su cika min shago da allon Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni, kukansu ɗaya: na'ura na ta komawa farko ita kaɗai. Su zargi wayar wuta, su zargi batir. Sau da yawa laifin na katsewa ne, wato lokacin da aisi, ƙwaƙwalwar allon, ke ajiye aikin da ke hannunsa ya amsa kiran agogon da ke cikinsa ko maɓalli.

Kowace katsewa tana da lambarta, kowace lamba kuma tana da mazauninta a farkon ma'adanar aisi. Kwamfaila, manhajar da ke fassara umarnin ɗalibi zuwa yaren aisi, ita ce ke haɗa su. A tsohon aisi 8051 lissafin a fili yake: ninka lambar sau 8, ka ƙara 3. Agogon farko lamba 1 ne, adireshinsa 0x000B. Layin siriyal lamba 4 ne, 0x0023.

Aisin ATmega328P da ke kan Uno kuwa yana da mazauni 26, kuma a nan tarkon yake. Takardar bayanin kamfanin da ya ƙera shi daga 1 take ƙirgawa, kwamfailar avr-gcc daga sifili. Katsewar agogo mai suna TIMER1_COMPA da takarda ta kira lamba 12, a adireshi 0x0016, ita ce __vector_11 a wurin kwamfaila. Yaro ya ga 12 ya rubuta 12 da hannunsa, shi ke nan aikinsa ya sauka ɗakin maƙwabci. Katsewar ta zo ta tarar ba kowa, sai a tura ta __bad_interrupt, shi kuma ya mayar da komai adireshi sifili. Kuskuren harafi ɗaya a sunan ma haka yake yi, kuma gargaɗi kawai kwamfaila ke bayarwa, wanda ba mai karantawa.

Ba laifin yaran nake gani ba, daga intanet suke kwafowa. Amma malamai, don Allah a ware darasi guda a buɗe musu teburin lambobin katsewa shafi da shafi, a hana su rubuta lamba inda kamfani ya tanadi suna.

Naka,
Wani mai gyaran inbata,
Kaduna.