Zaman nazarin waƙa na Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar, a zauren da muka saba a Mabera. Marsiyyar da na tura jiya za mu duba, ta uwar da ɗanta ya tafi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 bai dawo ba.

Don Allah ku tsaya a baiti na huɗu, inda take zuba masa tuwo a kwanonsa ta rufe da faifai har ya huce. Babu bindiga ko ɗaya a waƙar, ni wannan ya fi taɓa ni. Mu lura da amsa-amon ma.

Hajiya, ki taho mana da kwafinki, nawa ruwa ya taɓa shi.