Roƙon Tallafi Daga Kwamitin Masallaci Don 'Yan'uwanmu Da Suka Fito Daga Gidan Yari

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa maza da mata.

Akwai wani bawan Allah da ke sallah tare da mu 'yan watannin nan. Kullum a sahun ƙarshe yake tsayawa, liman na sallamewa sai ya ɗauki takalmansa ya fice, ba ya jiran a gaisa. Da muka zauna da shi, ya ce yana ganin yadda wasu ke dafe aljihu idan ya matso kusa. Ranar da aka sake shi, leda ɗaya ya fito da ita, riga biyu a ciki. Ya koyi ɗinki a can, hannunsa ya faɗa sosai, amma duk shagon da ya je sai a ce wa zai tsaya masa? Har yau bai samu ba.

Saboda shi da ire-irensa kwamiti ya buɗe wannan asusu.

Ba mu ce laifi ba laifi ba ne, kuma haƙƙin wanda aka cuta yana nan. Amma alƙali ya yanke wa'adi, wa'adin ya cika. A Sahihul Bukhari, an hukunta wani da ya sha giya, da ya juya sai wani ya ce masa Allah Ya wulaƙanta ka. Annabi (SAW) ya hana, ya ce kada ku taimaki shaiɗan a kansa. Mu tuna kuma da mutumin nan da ya kashe rai ɗari: malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai tsaya a nan ba, ya ce ya bar garinsa ya koma cikin mutanen kirki ya yi ibada tare da su. Mai tuba yana buƙatar waɗanda zai zauna a cikinsu, kuma a nan mu ne.

Watannin farko su ne masu haɗari. A Amurka an bibiyi fursunonin da aka sallama daga gidan yari a jihohi 30 a shekarar 2005, aka tarar kashi 44 cikin 100 an sake kama su tun shekara ba ta zagayo ba, kashi 68 kuma cikin shekara 3. Mutum ba aiki, ba wurin kwana, dangi sun juya baya, tsofaffin abokai ne kaɗai ke masa maraba. Ƙa'idojin Mandela na kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ma sun faɗa a ƙa'ida ta 90 cewa nauyin da ke kan al'umma ba ya ƙarewa da sakin fursuna.

Abin da aka tara zai tafi ne kan kayan sana'a, kamar keken ɗinki, kayan aski da na kafinta, sai hayar ɗaki na watannin farko da magani ga mai buƙata. Ba za mu damƙa wa kowa kuɗi a hannu ba. Za a rubuta kayan da sunan kwamiti, mutum ya yi aiki a ƙarƙashin maigidan sana'a, ɗaya daga cikinmu yana leƙa shi duk mako. Mun san wani zai iya zamewa, shi ya sa muka tsara haka.

Abin da ya fi kuɗi wuyar samu shi ne mai tsayawa. Idan kana da shago ko gareji, ka karɓi mutum ɗaya, kwamiti zai tsaya masa a rubuce. Iyayenmu mata, muna roƙon ku raka mu gidajen da aka yi fushi, maganarku ta fi tamu shiga.

Ma'aji zai zauna a bakin ƙofa bayan sallar Juma'a, kuma duk wanda ya bayar zai karɓi rasit. Mai tsohon keken ɗinki da ke ajiye ya kawo, za mu gyara. Za a karanta lissafi a gaban jama'a ƙarshen kowane wata, ba tare da ambaton sunan waɗanda aka taimaka wa ba.

Allah Ya saka da alheri, Ya sanya a mizani.

Kwamitin Masallaci