Ƙaho da tausa: taurin tsoka ba ya buƙatar a zubar da jini

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan wani abu da ya soma yaɗuwa a garuruwanmu na arewacin Kamaru, wato kafa ƙaho da kofunan roba ana haɗa shi da tausa don warware taurin tsoka. Ni jikan wanzami ne, na tashi ina ɗaukar wa kakana zabira zuwa kasuwannin ƙauyen da ke kewaye da Garwa, daga baya kuma na koyi tausa da motsa gaɓoɓi a hannun ma'aikatan lafiya, yau shekara 18 ke nan da wannan sana'a nake ciyar da iyalina. Saboda haka abin da zan faɗa ya shafe ni ta wajen gado, ya kuma shafe ni ta wajen aiki.

Mutanen da suke zuwa wurina talakawa ne masu neman na kansu da ƙarfin jikinsu. Akwai 'yan dako na babbar kasuwa, da masu babur ɗin haya da ke wuni a kan sirdi, da teloli da wuyansu ke sunkuye a kan keke tun safe, da direbobin manyan motoci da ke ɗauko kaya daga Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, su bi ta Garwa da Marwa har Kusiri, su tsallaka zuwa Injamena. Idan lokacin tsinkar auduga ya yi kuma sai mata su yawaita, kowace tana dafe da ƙugu. Kukansu iri ɗaya ne: jijiya ta ɗaure, baya ya riƙe, wuya ba ya juyuwa. A 'yan shekarun nan sai ga wani sabon abu ya shigo cikin maganarsu, domin da yawa tun kafin su zauna suke cewa ƙaho suke so a yi musu, a fitar da mataccen jinin da ya taru a kafaɗa.

Ina ganin tushen wannan sabon ɗoki a bayyane yake. A gasar Olamfik ta shekarar 2016 a birnin Riyo na ƙasar Brazil, duniya ta ga ɗan ninƙayar nan na Amurka, Michael Phelps, da zagayayyun tabbai a kafaɗa da gadon baya, daga nan 'yan wasa suka yi ta kwaikwayo, hotuna suka cika Facebook da TikTok. Matasanmu suka sayo kwalin kofuna da ɗan famfon hannu, suka kalli bidiyo biyu ko uku a waya, suka fara karɓar mutane. Ba na zarginsu da neman halali, amma yana yi mini ciwo in ga abin da kakanninmu suka iya tun kafin zuwan Bature ya dawo mana a matsayin baƙo, an kuma bar iliminsa a hanya. Mutanen Sin sun daɗe suna yin sa da kofunan gilashi da harshen wuta, Larabawa suna kiransa hijama, mu kuma ƙahon saniya muke fafewa, a huda tsininsa, wanzami ya zuƙe iskar da baki ya toshe hudar.

Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne ƙaho iri biyu ne, kuma kakana, Allah ya jiƙansa, bai taɓa haɗa su ba. Akwai wanda ake tsaga fata da aska bayan ta taso, a mayar da ƙahon ya jawo jini. Akwai kuma busasshe, wanda ba a taɓa fata da ƙarfe ko kaɗan, iska kawai ake zuƙewa har fata da naman da ke ƙarƙashinta su ɗago cikin kofin. Wannan na biyu shi ne abokin tausa, shi ne kuma wanda 'yan wasan da aka gani a talabijin suke yi. Hannun mai tausa danna nama yake yi zuwa ciki, kofi kuwa ɗago shi yake yi zuwa waje, shi ya sa idan aka haɗa su mutum yakan ji wata irin sakewa da ɗayansu kaɗai ba ya bayarwa. Yadda nake yi, sai na fara ɗumama wurin da tafin hannu, in shafa man kaɗe ko man zaitun, in laluba inda tsokar ta ƙulle kamar ƙwallon goruba a gefen allon kafaɗa, sannan in kafa kofin da ja mai sauƙi, in riƙa zame shi a hankali daga ƙugu zuwa sama ta gefen ƙashin baya, ba a kansa ba. Idan zan bar shi wuri ɗaya, ba ya wuce minti 5 zuwa 10. Bayan na cire, hannu ne ke ƙarasa aikin, kuma ba na sallamar mutum sai na koya masa miƙar da zai riƙa yi da kansa safe da yamma.

Maganar tabon da kofi ke bari ita ce inda aka fi yaudarar jama'a. Ana nuna wa mutum bayansa a madubi ko a hoton waya, a ce ka ga yadda ya yi baƙi, duk dattin jikinka ne ya fito. Gaskiyar magana ita ce jan iska yana fasa ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata, jini kaɗan ya tsiyaya cikin nama, daidai da abin da ke faruwa idan mutum ya bugu. Jiki da kansa yake share shi cikin 'yan kwanaki, wani lokaci har mako 2. Duhun tabon yana nuna ƙarfin jan da aka yi da daɗewar kofin da kuma yanayin fatar mai shi. Wanda ya ɗauki duhun a matsayin shaidar waraka zai riƙa ƙara famfo, ƙarshenta fata ta yi bororo. Na karɓi wani matashi mai babur da aka bar wa kofuna kusan rabin sa'a a wani shago, bayansa duk ya tashi kamar wanda ruwan zafi ya zuba wa, ya yi kwana 10 bai iya fita aiki ba, alhali gajiyar kafaɗa ce kawai ta kai shi.

Dole kuma in faɗi abin da zai iya rage mini kasuwa. Binciken da masana suka yi ya nuna busasshen ƙaho yana iya kawo sauƙi na ɗan lokaci ga ciwon wuya da na baya, sai dai yawancin binciken ba su da ƙarfin da za a gina babban alkawari a kansu. A shekarar 2021 an wallafa wani gwaji da aka yi a Brazil a kan mutum 90 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu: an yi wa rabi ƙahon gaske, rabi kuma aka kafa musu kofin da ba ya riƙe iska, bayan mako 8 ba a ga wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba. Abin da idona ya gani bai saɓa wa wannan ba. Direban da na yi wa aiki yakan tashi yana jin jikinsa sakayau, ya yi barci mai daɗi a daren, wannan kuwa alheri ne da ba na rainawa. Amma idan ya koma kan kujerar da ta lotsa ya yi wuni bai sauko ya miƙe ƙafa ba, kafin mako ya zagayo zai dawo da kukan jiya.

Game da ƙahon jini, ba ni da bakin da zan raina shi. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hijama, ya kuma biya mai yin ta ladarsa, kuma da yawa daga cikin mutanenmu suna yin ta a ranakun 17, 19 da 21 ga watan Musulunci don bin sunna. Wanda ya yi niyyar haka, Allah ya ba shi lada. Roƙona shi ne kada a mai da tsaga abin da ake yi wa duk wanda ya zo da gajiyar tsoka, domin aska tana buɗe ƙofar da tausa ba ta buɗewa. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a yankinmu, ƙwayar cutarsa tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini a jikin aska ko bakin kofi, allurar rigakafinsa kuwa sai a shekarar 2005 ta shiga jerin alluran yara a Kamaru, wato yawancin magidanta na yau ba su samu ba. Ta wannan hanya nau'in C da ƙanjamau ma suna iya wucewa. Goge reza da tsumma ko ɗauraye kofi da ruwan randa ba ya kashe waɗannan cututtuka, wanzamin da ke zuƙa da baki kuma kansa yake fara jefawa cikin haɗari. Sabuwar reza ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa, da safar hannu, da kofin da ba za a mayar wa wani ba idan jini ya taɓa shi, su ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema.

Akwai kuma waɗanda bai kamata kofi ya hau jikinsu ba ko da busasshe ne, sai da izinin likita: mai shan maganin tsinka jini, mai sikila ko ƙarancin jini, mai ciwon sukarin da gyambonsa ba ya saurin warkewa, da mace mai juna biyu a ciki da ƙugu. Ba a kafa shi a kan ƙurji ko ƙuna ko jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka murɗe. Wanda ƙwaurinsa ɗaya ya kumbura ya yi zafi, asibiti za a kai shi, domin yana iya zama gudan jini ne, tausa kuma tana iya tura shi zuwa huhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuya. Muna cikin yankin da sanƙarau ke ɓulla a lokacin rani, daga hunturu zuwa bazara, kuma alamarsa ta fari takan zama wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Idan irin wannan mutum ya faɗa hannun yaron da bai san komai ba sai kafa kofi, sa'o'in da za su ceci ransa a shago za su ƙare.

Don haka ina kira ga hukumomin lafiya na jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da masu martaba lamiɓe, wato sarakunanmu na gargajiya, da sarakunan aska, su tara wanzamai da matasan nan masu kofunan roba a zama ɗaya. Dattawan sun san jiki, sun san wanda ake mayarwa gida ba a taɓa shi ba, jama'a kuma sun yarda da su fiye da kowa. Matasan suna da kayan da suka fi sauƙin tsabtacewa da kuma son koyo. Horo na 'yan kwanaki a kan tsabta da alamomin haɗari, cikin Hausa da Fulatanci, tare da yi musu gwajin ciwon hanta da allurar rigakafi, ba zai gagari kowace gunduma ba. Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka ya zauna da wani tsohon wanzami da wani likita a tabarma ɗaya, a buga hirar a shafin lafiya kafin zafin watan Maris ya kama. Idan wakilin ya iso Garwa, ni zan raka shi wurin dattawan da suka yi zamani da kakana, waɗanda har yanzu zabirarsu ke rataye.

Wassalam.

Naka,
Mai sana'ar tausa, jikan wanzami,
Garwa, Jamhuriyar Kamaru.