Wasiƙa daga Cebu, labarin Ate da baturenta

Aminiyata,

Salamu alaikum, ya gida ya su Mama? Mu nan Cebu, a ƙasar Philippines, ruwa ake ta yi kamar da bakin ƙwarya. Kin dame ni da tambayar wacce muke ɗaki ɗaya, to gyara zama.

Ate nake ce mata, haka suke kiran yaya mace. Nas ce kuma ita ce 'yar fari, ƙanne huɗu a bayanta, duk ƙarshen wata zan ganta a kan katifa da waya tana yanka albashi ta GCash, manhajar tura kuɗi, wannan kuɗin makarantar auta wannan maganin babansu, abinda zai rage mata ko kuɗin mota da kyar. Suna ce ma abin utang na loob, wai bashin alherin iyaye da ba a gama biya.

To sai ta haɗu da wani ɗan Ostireliya a intanet, shekara guda suna bidiyo kol kafin ya zo. A al'adarsu namiji da iyayensa yake zuwa neman aure, pamamanhikan, kamar dai gaisuwar iyaye a wajenmu, shi kuwa bawan Allah ya taho shi kaɗai ba uba ba kawu. A mota ta koya mai yadda zai kama hannun kakarta ya ɗora a goshinsa, ya yi kuwa, tsohuwa har da hawaye. Dangi suka cika gida kowa na ganin an tsinci dami a kala, ai farar fata kuɗi ne. Makanike ne fa!

Rigimar ta taso ranar da ya ce in an yi aure sai ta rage turawa gida su tara nasu. Wlh kwana tayi tana kuka. Ni ban ga laifinsa sosai ba, amma in ta rage waye zai saya ma tsohon magani?

Kuma kinsan abinda ke ƙara mata tsoro, ƙasar nan babu saki, su da Vatican kaɗai a duniya. Sai dai kotu ta rushe auren, shekaru ana jeka ka dawo ga kuɗin lauya. Musulminsu ne kawai dokar 1977 ta ba damar saki. A 2024 majalisar wakilai ta amince da ƙudirin sakin amma ya maƙale a majalisar dattawa. Ƙanwar mamarta ta fi shekara 10 rabonta da miji, a takarda har yau matarsa ce.

Kafin ta bi shi ma dole ta zauna bitar da CFO, hukumar kula da 'yan ƙasar mazauna waje, ke yi ma masu auren baƙi. Fom ɗin na ƙarƙashin filonta sati uku kenan bata cike ba, jiya dai naga ta ɗauko ta duba ta mayar.

Ki gaishe min da Mama, dan Allah in an samu mai tahowa a sako min yaji da kuka.

Taki har kullum.