Game da tauna wa yaro abinci

Assalamu alaikum, aminina.

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da Inna, da ɗan namu. Ya hidima, ya zaman nesa da gida?

Saƙonka ya iso. Ka ce Inna tana tauna nama ta sa wa yaron a baki, kuma an gaya maka hakan na ƙara garkuwar jiki, yana hana borin jini da asma.

Ka sani tukuna, Inna tana da hujja. Daga wata shida, sinadarin ayon (mai gina jini, wanda ake samu a nama) da aka haifi yaro da shi ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin, shi kuma turamen haƙorinsa sai ya wuce shekara suke fitowa. Taunawa ce hanyar da iyayenmu suka sani ta kai nama cikin ɗan wata bakwai.

Zancen garkuwa kuwa, yawanci daga wani bincike na Suwidin ake ɗauko shi. A 2013, a birnin Gotenbag, an bi jarirai 184, aka ga waɗanda iyayensu ke tsotse robar tsotson jariri don tsabtace ta kafin su mayar musu sun fi tsira daga ƙaiƙayin fata da asma a wata 18. Ana zaton ƙwayoyin bakin iyaye ne ke horar da garkuwar yaro. Amma a kan roba aka yi shi, ba abinci ba, kuma lura kawai aka yi, ba a tabbatar yawun ne dalili ba.

Abin da ya fi damu na shi ne bakin mai taunawa. A 2009 likitoci a Amurka sun ba da rahoton yara uku, a Miyami da Memfis, da suka kamu da ƙanjamau ta wannan hanya. Yawu kaɗai ba ya yaɗa ta. Jini ne daga dasashi yake gauraya da abinci, ya tarar da dasashin yaro a tsage saboda fitar haƙori. Ciwon hanta nau'in B ya fi ta saurin kamu nesa ba kusa ba, ga shi ya yi yawa a cikinmu, mutum yana ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Jaririn da ya kamu, kusan tara cikin goma ciwon zama yake yi a jikinsu. Ga kuma ƙwayar da ke ruɓar da haƙori, da tunjere, da ƙurajen leɓe.

Don haka ka duba katin rigakafinsa, ka tabbatar an kammala allurar hanta. Manyan gidan ma a gwada su. Wanda dasashinsa ke jini in ya goga asuwaki, ko mai miki a baki, kada ya tauna ko sau ɗaya.

Turmin daka zai yi aikin. A dafa nama ko hanta har ya yi ligif, a daka, a sassauta da romonsa, a tace da rariya, a zuba a kunu mai kaurin da ba ya tsiyaya daga cokali. A fara da babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a rana, nono na ci gaba. Ban da zuma sai ya shekara.

Kan hana borin jini, inda hujja ta yi ƙarfi shi ne gyaɗa. Gwajin da aka yi a Landan kan jarirai 640, wanda ya fito a 2015, ya nuna fara ba su gyaɗa da wuri ya rage rashin jituwar jiki da ita da kusan kashi 80 cikin 100. Ƙaramin cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi, a dama da ruwan ɗumi, sau uku a mako. A tsince mai funfuna, kuma kada a ba shi ƙwayarta, don tana iya shaƙe shi. Ran farko a lasa masa kaɗan, a jira minti goma. In leɓe ya kumbura, ko ya yi amai, ko numfashi ya canza, asibiti nan take. In dama yana da ƙaiƙayin fata mai tsanani, likita ya fara ganinsa kafin a ba shi.

Ka bi Inna da lalama. Ka roƙe ta ita ta riƙa ba shi da cokali, a kan cinyarta.

A gaishe min da ita da kyau, da maman yaro.

Naka har kullum,
Amininka