Kafin ka ce Raspberry Pi ɗin ce ta lalace, saurari irin ƙarar tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a shafinku na wasiƙu saboda wani ƙorafi da nake yawan ji a bakin matasa masu haɗa kayan kiɗa da kansu. Mutum zai samo ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ya saka mata manhajar kiɗa irin FluidSynth, ya jona kibod, yana dannawa sai yaji sauti ya fito a tsage ko yana tas-tas, shikenan sai ya yanke hukunci wai kwamfutar ce jabu ko sifika ce ta mutu. Ni dai a ganina kafin a sayi wani abu a fara kasa kunne, domin ƙarar kala-kala ce kuma kowacce da inda take fitowa.

Idan ka danna maɓalli ɗaya sauti ya fito tas amma da ka haɗa huɗu biyar sai ya tsage, to ƙarfin ne yai yawa. Sautin kwamfuta yana da iyakar da baya wucewa, abin da ya haura sai a datse masa kai. Shi yasa FluidSynth take zuwa da ƙarfinta a 0.2 duk da ana iya kai shi har 10, sai mutane suga kamar yayi ƙasa su ɗaga shi zuwa 2 ko 3. A mayar dashi ƙasa a ƙara a amfilifaya. Sannan a leƙa alsamixer, wato manhajar saita ƙarfin sauti, domin a ramin iyafis na Pi ɗin kashi 100 yana nufin an wuce sifili, wato iyakar nan, da desibel 4 a ma'aunin ƙarfin sauti, wannan kaɗai ya isa ya tsaga sauti.

Wadda tafi wahalar da mutane ita ce tas-tas ɗin nan da yankewa, kuma anan nake son a tsaya sosai. Manhajar tana haɗa sauti ne guntu-guntu tana zubawa a wata 'yar ma'ajiya da ake kira bafa, katin sauti kuma yana ɗiba ba tsayawa, kamar ana zuba ruwa a randa wani na kamfata, duk sanda mai zubawa ya makara sai a tarar da randa wayam, to wannan giɓin shi kake ji a kunnenka. A Linux, tsarin da Pi ɗin ke aiki da shi, FluidSynth tana zuwa da ɗigon sauti 64 a kowane guntu, kuma a gudun ɗigo 44100 cikin sakan wannan bai kai milisakan ɗaya da rabi ba, ka ga kuwa ƙaramar kwamfuta dole wani lokacin ta makara. A ɗaga shi zuwa 256 ko 512. Eh za'a samu ɗan jinkiri tsakanin dannawa da fitar sauti, amma 256 bai kai milisakan 6 ba kowane guntu, sai dai a kula da yawan guntayen da aka jera domin su ke taruwa su zama jinkirin da yatsa ke ji. In har yanzu tana yi, a rage yawan muryoyi, wato sautukan da za su iya fita lokaci guda, daga 256 zuwa 64, a kashe amon nan na reverb da chorus a gani, suna cin ƙarfin firosesa ba kaɗan ba.

Kuma fa wani lokacin ba laifin saitin bane sam, caja ce. Pi 4 tana son volt 5 da amfiya 3, mutum kuma ya jona mata tsohuwar cajar waya da siririyar igiya ga kibod shima yana jan wuta ta USB. Wutar na sauka ƙasa da wajen volt 4.63 kwamfutar zata rage gudunta da kanta, haka ma in zafi ya kai digiri 80. Ba sai anyi canke ba, a rubuta vcgencmd get_throttled a wurin ba kwamfutar umarni, in ta nuna 0x0 to wuta da zafi lafiya lau.

Ita kuwa shuuu ɗin da ake ji ko ba'a taɓa komai ba, gaskiya wannan halin ramin iyafis ɗin ne, ba'a saka masa cikakkiyar na'urar juya lambobi zuwa sauti da ake kira DAC ba, dabarar PWM ta kunna wuta da kashe ta da sauri akai amfani da ita. A Pi 5 da ta fito a 2023 ma cire ramin sukai gaba ɗaya. Anan ne kawai zan ce a kashe kuɗi, katin sauti na USB ko allon DAC da ake ɗorawa a kan filoginta. In kuma gurnani ne mai kauri da yake ɓacewa da zarar an cire wayar amfilifaya ko an sa kwamfutar a fawa bank, matsalar at ce, wato layin wutar da ke sauka ƙasa (earth), tsakanin na'urorin biyu.

Hanya mafi sauƙi ta raba gardama, a rufe manhajar kiɗan a rubuta speaker-test -t sine -f 440. In sautin ya fito sumul to manhajar za'a bi, in shima a tsage yake a koma kan waya da kati da caja. Kuma don Allah a riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku