Auta, ki bar shukokin nan su huta

Assalamu alaikum Auta, ya gida, ya maigidan naki? Mu nan Jos lafiya lau sai ruwan Agusta da ya ƙi ɗaukewa, yau kwana uku rabona da ganin rana.

Na ga hoton shukarki da kika turo min a WhatsApp, ina buɗewa na san abin da ya faru, ba cuta bace kuma ba bakin maƙota bane, ruwa kika cika mata. Ganyen da ya yi ruwan ɗorawa ya yi luguf kamar tumatirin da ya kwana a leda, jijiya ce ta fara ruɓewa a ƙasa. Ke dama tun kina ƙarama haka kike, in kina son abu sai kin kashe shi da hidima, kin tuna ɗan tsakon nan naki. Su alobera da waccan mai kama da ƙaramin kabeji, wadda asalinta daga Meziko ne, kaurin ganyen nan shi ne randarsu, a ciki suke ajiye ruwa. Ki tuna ƙyaranar da ake shinge da ita a ƙauyukan hanyar Vom, wa yake bin ta da bokiti? Kuma haka take cinye rani garau.

To yau ɗin nan ki zare ta daga tukunyar, ki karkaɗe ƙasar, duk jijiyar da ta yi baƙi ki yanke da sabuwar reza, ki ajiye ta a inuwa kwana 3 wajen ya bushe kafin ki mayar. Wannan robar mai ƙyalli da kika sa ta ciki kuwa na san don ta dace da labulenki kika saya amma ko huda babu a gindinta, ina ruwan zai bi? Ki nemi tukunyar ƙasa mai huda, ki haɗa yashin magina mai tsakuwa rabi, ƙasa rabi, ki ɗan daka gawayi ki zuba. Baƙar ƙasar da masu fulawa na bakin titi ke cikawa a leda riƙe ruwa take yi, da ita na yi asarar tukwane 5 wata damina da na bar su a tsakar gida, har yau abin na min ciwo.

Bayan kin dasa ki yi sati baki ba ta ko ɗigo ba. Daga nan ki riƙa soka tsinken tsire har ƙasa, in ya fito da danshi ki kama gabanki, in ya fito a bushe ki zuba sosai sai ya ɓullo ta ƙasa, na cikin faranti ki zubar.

Kuma ki fitar da su daga falo, a ƙarƙashin esi ba haske zanƙalewa za su yi, tsawo ba jiki. Baranda ki kai su su sha hantsi. Sai dai Abuja ba Jos bace, mu muna kan tudu sama da mita 1,200, ku kuwa ranar watan Maris ɗinku in ta take sai ta ƙona ganyen, da azahar ki ja su inuwa. In kin ga farin abu kamar auduga a maƙale tsakanin ganye ƙwari ne, ki jiƙa auduga da sifirit ki goge.

Shukar kariyar nan da na ba ki ki ɗora ta sama, ruwanta guba ne, yaran maƙota na shigo miki.

Babanki na gaishe ku. Zan ba direba tukwane biyu da dankalin turawa ran Asabar, ki bar wayarki a kunne.

Mamanki